Ƙwaya Nawa?

Tun isha'i nake gadin sanda guda,
siririyar shuɗiyar nan mai rarrafe a gindin allo.
Ta kai sittin da ɗaya cikin ɗari, ta turje
kamar jakin da aka ɗora wa jiƙaƙƙen gishiri.
Fanka na nishi cikin akwati.
Walimar Alhaji Mutari ce a ciki, awa huɗu,
kuma da hantsi za su aiko yaro.

Da safe na ba yaron haƙuri, na nufi Kasuwar Dole,
rumfar Zabairu, bayan masu gyaran salula.
Ya ɗora kwali biyu bisa gilashi,
kowanne bai kai tafin hannuna ba.
Ya ce, wannan farosesa ƙwaya takwas gare ta,
amma kowace ƙwaya barewa ce.
Ka ja hoto gaba, ka ja shi baya,
ka yanka, ka liƙa, ka sauya launi,
ba za ta ce maka dakata ba.
Waccan kuwa sha shida ce, gayya sosai,
in an zo fitar da aiki sai su yi masa rubdugu,
kafin shayinka ya huce sun kai kunya ta ƙarshe.
Sai dai gayya da ci take,
tana shan kuran, tana huci,
ga shi Damagaram a watan Afrilu
ko dutsen Birni neman inuwa yake.

Na tambayi kuɗi. Ya faɗa. Na nemi kujera.
Tsakaninsu jika ɗari da ashirin,
kuɗin katin hoto ke nan, in na taɓa su
na sai wa gurgu doki ba sirdi.
Ya ce kuma kowace da irin mazauninta,
in ka ɗauki babbar, sai ka sauya mata allo.
Ashe ba ita kaɗai za ta shigo gidan ba.

Sai na tuna Baba a majema,
hannunsa ja da bagaruwa har gwiwa.
Ranar jiƙa fatu yakan tara yara goma,
ranar yanka kuwa ba ya son kowa kusa,
daga shi sai wuƙa ɗaya mai kaifi.
Yakan ce, ƙirga kwanakinka, Nafi'u,
ka ga wanne ya fi yawa, jiƙo ko yanka.

Na ƙirga a tsaye, da yatsu.
Yinina duka yanka ne:
in cire tarin liman, in daidaita kiɗa da taku,
in zana sunan mai gida da ruwan zinari
har wasali ya zauna inda ya dace.
Fitarwa kuwa sau ɗaya ce, da dare,
lokacin da ko ni ma barci ya kamata in yi.

Zabairu ya ce, manyan Yamai sha shida suke saye.
Na ce, manyan Yamai ɗakinsu da sanyi.

Na ɗauki takwas.
Ragowar kuɗin na zuba a kati da babbar fanka,
da ɗan man nan toka-toka da ake ɗiga mata a goshi,
bai fi ƙwayar dawa ba, in ji shi, kar ka yi almubazzaranci.

Yau kwana tara.
Sandar tana tafiya, ba gudu ba, tafiya dai.
Jiya na buɗe wani tsohon faifai da na daɗe ina tsoro,
Baba ne, shekarar da ya rasu, yana karta fatar akuya.
A da, nan inji ke sarƙewa, hannun ya daskare a sama.
Jiya wuƙar ta sauka har ƙasa.
Na mai da ita baya, ta sake sauka.
Ban yanke komai ba.